Wasiƙun da Ke Zuwa da Dambu

Dakta Sharfaddeen ya rasu ranar wata Talata, ana tsakiyar zangon karatu. Yana tsaye gaban ɗalibansa a jami'ar da ke Lembah Pantai ya dafe ƙirji ya zauna kan kujera, su kuwa suka ɗauka hutawa yake. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. A nan Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, aka yi masa sutura, 'yan Najeriya da abokan aikinsa Malayawa suka cika masallaci. Matarsa Hureira ta shiga takaba a can saman wani dogon bene a Pantai Dalam, ita da yaransu biyu, Haidar da Fatiha. Dangi suka yanke cewa ta zauna har yaran su gama shekarar makaranta, ita ma ta fita takaba, sannan su tattara su koma Kano.

Da farko gidan bai rabu da mutane ba. Matan ɗalibai da na malamai suka riƙa zuwa da kuloli, a zauna a yi addu'a a tashi. A hankali ƙafa ta ɗauke, don kowa da hidimar gabansa. Aka bar Hureira da ƙarar jirgin ƙasa da ke wucewa ta ƙasan tagarta, da ruwan saman la'asar, da kuma kantar littattafan mijinta da ta cinye bango guda na falo. Mutum ɗaya ce ba ta fasa leƙowa ba, Umma, maƙwabciyarta ta hawan ƙasa, matar wani ɗalibin injiniya, mace mai yawan magana da saurin hawaye.

Adabin Turanci marigayin yake koyarwa, amma abin da ya ba wa rayuwarsa shi ne labaran masu binciken laifi da aka rubuta a Ingila zamanin Sarauniya Victoria. Hureira ce ke buga masa maƙalunsa a kwamfuta tun suna Najeriya, don haka ta san littattafan nan kamar ita ta karanta su a aji. Yakan ce a wancan zamanin mai raba wasiƙu yana zagayowa sau da yawa a rana, shi ya sa kusan duk labarin da ka buɗe sai ka tarar da wasiƙa a tsakiyarsa. Mai binciken kuma ba ya fara da karanta abin da aka rubuta. Sai ya ɗaga takardar ya duba ta a haske, ya shinshina, ya dubi tawada da yadda aka naɗe ta.

"Abin da mai rubutu ya so ki sani, shi ne a cikin kalmomi," in ji shi. "Abin da bai so ki sani ba kuwa yana ko'ina a jikin takardar."

Har wasa suka mayar da abin. In suna zaune a mamak, wato shagon shayi da roti na bakin titi, sai ya nuna mata wani da ido ya ce ta faɗi sana'arsa. In ta dace ya biya mata shayi na biyu, in ta kuskure ya yi ta dariya har gilashinsa ya zame.

Wata Juma'a, lokacin da maza suka tafi masallaci yara kuma ba su taso ba, Hureira ta ji kamar motsi a bakin ƙofa. Da ta buɗe ba kowa, sai leda rataye a hannun ƙofar ƙarfe. A ciki akwai robar tapau, irin wadda ake zuba abincin tafi-da-gidanka, cike da dambun shinkafa da zogale, da ɗuminsa. A gefe an ƙulla sambal, jan yajin Malayawa, a 'yar ƙaramar leda. A saman murfin ga takarda a naɗe.

"Assalamu alaikum Anti. Ina wuni lahiya. Allah ya jiƙan Malam. Ga dambun syinkafa, ka ci da ɗiyanka. Kar ka damu da kwano."

Ba suna, ba lambar waya. Hureira ta karanta, ta sake karantawa. Ta zauna a ƙasa nan bakin ƙofa. Abin da ya kayar da ita kalma ɗaya ce, "lahiya". Mijinta mutumin Talata Mafara ne, kuma duk zaman da ya yi a Kano da wajen ƙasa bai taɓa sakin harshen garinsu ba. "Lahiya" yake cewa, yara kuma "ɗiya". A duk 'yan Najeriyar da ta sani a garin nan ba mai magana haka sai shi. Ji ta yi kamar shi ne ya leƙo ya gaishe ta.

Da Umma ta hau da yamma ta ga takardar, sai ta dafe ƙirji.

"Maman Haidar, kar ki ci! Wallahi kar ki ba yaran nan. Abinci ba suna? Kin san abin da aka barbaɗa a ciki?"

"Ai mun riga mun ci. Fatiha har da suɗe roba."

"Inna lillahi! To ni dai na gaya miki. Kuma duba, 'ka ci' aka rubuta. Ko dai ƙofa aka ɓata, ko kuma wani ne da bai da kunya yake neman hanya tun ba ki fita takaba ba."

Hureira ba ta yi musu ba. Ta saka takardar cikin wani littafin mijinta ta ajiye.

Juma'ar da ta biyo baya tuwon shinkafa ne da miyar taushe, da sambal ɗin nan dai a gefe. Takardar ta fi ta farko tsawo.

"Anti, Malam syi mutum ne mai kirki ƙwarai. Bai taɓa dariya ba in na yi kuskure. Mi kake so in kawo Juma'a mai zuwa? Amma ba ka iya gaya mini. Yi haƙuri."

Wannan karon Hureira ta yi murmushi, na farko tun rasuwar. Haka abin ya ci gaba. Wata Juma'ar wake da shinkafa, wata alale, kowanne da 'yar takardarsa. Ta san in ta so sai ta laɓe bayan ƙofa ta kama mai kawowa, amma duk lokacin da ta yi niyya sai ta ji nauyin abin, kamar za ta ɗana wa baƙo tarko. Sai dai tunanin bai bar ta ba. Tana wanke-wanke tana juya kalmomin, tana ninke kayan yara tana juya su.

Ranar wata Litinin da hantsi ta share teburin cin abinci, ta jera takardun a kai, ta kira Umma a waya ta ce ta hau.

"Zauna," ta ce. "Yau aikin Dakta za mu yi."

Umma ta zauna tana gyara mayafi. "To, bismilla. Ni dai har yanzu ina kan bakana, namiji ne."

"Bari mu gani. Wane lokaci ake kawo abincin?"

"Lokacin sallar Juma'a."

"Wanda ya san ya ce Allah ya jiƙan Malam, zai bar Juma'a kowane mako don ya rataye leda? Maza suna masallaci a lokacin. Mace ce, kuma mai aiki, don a nan hutun tsakar ranar Juma'a ya fi na kullum tsawo. Shi ne kawai lokacin da take samun sukunin zuwa ta koma."

"To 'ka ci' ɗin fa?"

"Shi ne abu na biyu. Ke kin taɓa jin Bahaushiyar da ta tashi a gida ta ce wa mace 'ka'? Ko a mafarki ba za ta yi ba. Amma ki saurari Fatiha in ta dawo daga makaranta tana ba da labari, sai ta ce malamarsu 'ya ce'. A Malayanci kalma ɗaya ce ta namiji da ta mace. Wanda ya tashi da shi a baki, wannan ne abin da ya fi ba shi wuya. Sannan dubi nan." Ta ɗora yatsa kan kalmar "syinkafa". "Mu da Turawa 'sh' muke rubutawa. 'Sy' rubutun makarantar Malayawa ne. Hannun nan a ajinsu ya koyi riƙe alƙalami."

Umma ta matso da kujera. "Ke nan Bamalayiya ce. Wata ɗalibarsa."

"Na yi wannan tunanin. Amma Bamalayiya ina ta ga daddawa? Miyar taushen nan da daddawar gida aka yi ta, irin wadda ake ɗauro wa mutum a akwati. Kuma dambun bai caɓe ba, wanda ya turara shi ya ga ana yi tun yana ƙarami. Kicin ɗin na Hausawa ne. Sai dai wadda ta tashi a Kano ba za ta haɗa dambu da sambal ba, mai da yaji za ta sa. Wannan a wurinta abinci bai cika ba sai da shi. Kuma 'Anti' ta ce mini, ba ta kira ni yadda ɗalibansa Malayawa ke kirana ba."

"'Yar Hausawa da aka haifa a nan," Umma ta faɗa a hankali.

"Wadda ta girma har ta fara aiki. Gida nawa ne suka daɗe haka a garin nan? Ba su da yawa. Yanzu shinshina takardar."

Umma ta kai hanci, ta yamutsa fuska. "Kamar kanumfari. A'a, kamar ɗakin cire haƙori!"

"Ni ma abin da na ji ke nan. A aljihun rigar aiki take ajiye ta kafin ta taho."

Umma ta tafa hannu. "Khaulah! 'Yar gidan Malam Yusha'u na Wangsa Maju! Ita ce ta karanci haƙori. Yarinyar nan da ba ta magana, in an gaishe ta a taron suna sai ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Ni wallahi na ɗauka girman kai ne." Ta sake duban takardar. "Amma tsaya. Su Malam Yusha'u ai mutanen Haɗeja ne. Ina ta samo 'lahiya' da 'mi'?"

Hureira ta juya ta dubi baranda. Kujerar roba tana nan inda Dakta ya bar ta.

"Duk ranar Alhamis bayan la'asar yakan zauna can da waya a kunne, yana maimaita magana a hankali kamar mai koya wa yaro. Na tambaye shi, ya ce wani ɗalibinsa ne na ɓoye da ke koyon Hausa, ya yi masa alkawarin ba zai faɗa ba. Na ɗauka wani Bature ne a sashensu. Da kunne ta koya, Umma, ba ta taɓa ganin an rubuta ba. Abin da ta ji a bakinsa shi ta rubuta."

"To ki duba wayarsa mana, a gama magana."

"Tana cikin durowa. Ban kunna ta ba tun ranar, kuma ba yanzu ba."

Umma ta share ido da gefen mayafi, sannan ta miƙe da kuzari. "Bari in kira uwarta mu yi godiya."

"A'a. Don Allah kar ki gaya wa kowa."

Bayan Umma ta sauka Hureira ta daɗe zaune gaban takardun. Ta ji daɗin da takan ji in ta dace a wasansu na mamak, amma daɗin bai daɗe ba. A littattafan mijinta duk wanda aka gano mai laifi ne, ana gano shi ne don a kama shi. Ita kuwa wadda ta gano ba abin da ta yi sai alheri, kuma ta ɓoye kanta ne da gangan. In har uwarta ba ta san tana koyon Hausa ba, akwai dalili. Hureira ta rasa ko tana da hurumin taɓa wannan dalilin.

Ranar Juma'a da safe ta wanke robobin da suka taru, ta zuba cincin a ɗaya, ta sa su a leda ta rataye a ƙofa. Ta rubuta takarda da manyan baƙaƙe, da Hausa mai sauƙi, ba ta ambaci suna ba.

"'Yata, na gode. Abincinki yana da daɗi. In kin so, ki ƙwanƙwasa ƙofa. Ki yi Hausa ko Turanci ko Malayanci, duk wanda ya zo bakinki. Ni kaɗai ce a gida."

Da azahar ta ji motsi, ta ji an tsaya, an daɗe. Sai kuma takun sauka. Da ta buɗe, an ɗauki ledarta an bar wata.

Juma'ar gaba ba a kawo komai ba. Hureira ta buɗe ƙofa ta rufe, ta sake buɗewa, har yara suka dawo. Ranar ba ta iya cin abincin kirki ba. Ta yi ta zargin kanta cewa wayonta ya kori yarinyar, da ta yi shiru da ba a yi haka ba. Umma ta ce ƙila aiki ne ya riƙe ta, amma ita ma muryarta ba ƙarfi.

Sai a Juma'ar da ta biyo aka ƙwanƙwasa, a hankali, kamar mai fatan kada a ji. Doguwar budurwa ce siririya, da ɗankwali irin ɗaurin Malayawa da farar rigar asibiti a ninke a hannu. Ta rungume leda a ƙirji. Ta buɗe baki.

"Anti... ya haƙuri. Allah ya... Allah ya jiƙan..." Sai maganar ta tsaya, hawaye suka zubo.

"Amin, Khaulah. Shigo."

Yarinyar ta ɗago da sauri. "Ka san... kin san ni ce?"

"Na sani. Shigo ki zauna, abincin zai huce."

A falo, da Hausa rabi da Turanci rabi, Khaulah ta ba da labarinta. A Kuala Lumpur aka haife ta. Iyayenta sun riƙa yi musu Turanci a gida don karatu ya zo musu da sauƙi, a waje kuma Malayanci. Tana jin Hausa sama-sama, amma in ta buɗe baki sai 'yan'uwanta maza su fashe da dariya, mata a taro su ce a sake faɗa musu su ji. Sai ta daina. Kakarta kuwa, Hajiya Aminatu, tana Haɗeja, ta tsufa, idonta ya tafi, ba ta jin kowane yare sai Hausa. Duk Lahadi in an kira ta takan ce a ba ta takwararta, don sunanta aka sa wa Khaulah na yanka. Sai Khaulah ta karɓi waya ta ce "lafiya lau" ta miƙa wa uwarta.

Wata rana Dakta ya zo asibitinsu da ciwon haƙori. Ya ga sunan mahaifinta a ƙirjin rigarta ya gaishe ta da Hausa, ta amsa da Turanci. Bakinsa cike da auduga ya tambaye ta dalili. Daga nan aka fara darasin Alhamis.

"Ranar gaisuwa na zo," in ji ta. "Na haddace abin da zan ce a cikin jirgin ƙasa na LRT. Na zo ƙofa, na ga mata da yawa, takalma har waje. Na ji tsoro, Anti. Na koma. Na yi kuka a tasha. Shi ya koya mini, kuma ban iya yi masa gaisuwa ba."

"Kin yi. Kowace Juma'a kina yi."

"Wancan sati na zo har ƙasa, na kasa hawa. Na ba mai gadi abincin."

Hureira ta yi dariya har ta riƙe ciki, Khaulah ma ta sa dariya tana share hanci. Suka ci abincin tare a faranti ɗaya. Da lokacin komawarta aiki ya yi, Hureira ta raka ta ƙofa.

"Ni ban iya koyarwa kamar shi ba," ta ce. "Amma ina da baki, kuma ina da lokaci. Ki riƙa zuwa."

Ta riƙa zuwa. Suna tsinke zogale suna hira, Hureira na gyara mata "ka" da "ki" ba tare da ta ɗago kai ba. Wani lokaci Khaulah ta faɗi wata kalma yadda Dakta ke faɗinta, sai Hureira ta bar ta a haka ba ta gyara ba. Umma ma takan hau, kuma ta yi ƙoƙari ƙwarai wajen riƙe dariyarta, ko da yake ba kullum take cin nasara ba.

Ana saura kaɗan su tashi, falo cike da kwalaye, Khaulah ta zo ranar wata Lahadi da yamma ta ce tana so ta kira Haɗeja daga nan, don a gida idanu sun yi yawa. Ta zauna kan wani kwali ta buɗe muryar wayar. Aka kai wa tsohuwa.

"Wa ke magana?"

"Hajiya, ni ce. Takwararki. Ina kwana? Ya ƙafa? An ce mini kina ciwon ƙafa."

Sai tsohuwar ta ɗaga murya.

"Aminatu? Ke ce da bakinki? Ku zo ku ji, Aminatu ce ke magana! Yarinya, ashe zan ji muryarki kafin in mutu?"

Suka yi ta hira. Tsohuwa ta tambayi abin da ake ci a ƙasar, da ko akwai rana, da ko an samu miji. Khaulah ta amsa abin da ta iya, inda ta maƙale ta dubi Hureira ta raɗa mata. Daga ƙarshe Hajiya ta tambayi wa ke kusa da ita, aka gaya mata. Ta ce a ba ta matar. Ta yi wa Hureira gaisuwar mijinta doguwa, irin ta tsofaffi, ta yi wa marayu addu'a ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce in ta dawo gida lallai ta zo Haɗeja ta gan ta.

Hureira ta koma Kano da yaranta a ƙarshen shekara. Bayan ƙaramar salla ta shiga mota ta je Haɗeja, ta kwana biyu a ɗakin tsohuwar. A can ta tarar ana gyaran ɗakin baƙi, an ce Khaulah ta ɗauki hutu, tana tafe a watan gobe.